YADDA TSOKAR ZUCIYA KE KUNNA ƘWAYOYIN GADON ƘONA KITSE

Duk cikin gaɓoɓin jikin ɗan Adam babu wadda ta kai zuciya shan aiki. Tun mutum yana ɗan tayi na 'yan makonni take fara bugawa, ba ta kuwa tsayawa sai ranar da rai ya yi halinsa. A kowace rana ta Allah takan buga wajen sau 100,000, ta tura jinin da ya kai kimanin lita 7,000, alhali kuwa ita kanta nauyinta bai wuce giram 300 ba.

Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai da makamashi. Ƙarfin da tsoka ke motsi da shi yana fitowa ne daga wani sinadari da masana kimiyya ke kira ATP, wanda jiki ke ƙerawa daga abincin da aka ci. An ƙiyasta cewa zuciya takan ƙera ta kuma kashe wajen kilo 6 na wannan sinadari a yini da dare guda, watau ninki ashirin na nauyinta. Abin mamaki shi ne ba ta da rumbun ajiya. Abin da ke hannunta a kowane lokaci ba zai kai ta fiye da 'yan daƙiƙoƙi ba. Saboda haka tilas ne wutar da ke ƙera shi ta yi ta ci ba dare ba rana, kuma itacen da ya fi yawa a wannan wuta kitse ne.

Jama'a da yawa sun ɗauka kitse maƙiyin zuciya ne kurum, domin abin da suka saba ji ke nan a asibiti. Amma a jikin baligi mai lafiya kashi 60 zuwa 90 cikin ɗari na ƙarfin zuciya daga ƙona kitse yake fitowa. Sai dai ba da wannan hali ake haihuwar zuciya ba. Akwai wasu ƙwayoyin gado da sai an kunna su tukuna, ana kuma iya kashe su. Binciken da aka yi tun daga shekarar 1990 ya nuna cewa lafiyar zuciya tana rataye ne a kan iya kunnawa da ragewa gwargwadon bukata, kuma da kashewa ɗungum da kunnawa fiye da kima duk cuta suke jawowa.

WANDA YA FARA AUNA ABINCIN ZUCIYA

Wani likita haifaffen Jamus mai suna Richard Bing, wanda ya yi aikinsa a Amurka, shi ne ya fara auna abin da zuciyar mutum mai rai ke ci. Ya gano cewa ana iya zura siririn bututu ta jijiya har a kai shi ga magudanar da ke kwashe jinin da tsokar zuciya ta gama amfani da shi. Idan aka gwama jinin da ya shiga da wanda ya fito, sai a san abin da zuciya ta ɗebe. Sakamakon da ya buga cikin 1953 da 1954 ya nuna cewa sukari ba shi ne babban abincinta ba kamar yadda aka zata, kitse ne. Cikin 2020 wasu masana a Jami'ar Pennsylvania suka sake irin wannan awo da na'urorin zamani a kan mutum 110, suka tabbatar da maganarsa.

Dalilin wannan zaɓi a fili yake. Giram ɗaya na kitse yana ba da ƙarfin da ya ninka na sukari fiye da sau biyu. Amma kowane allazi da nasa amanu: kitse ya fi sukari cin iskar oksijin, da kamar kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, kafin ya ba da ƙarfi daidai da nasa. Ke nan a inda iska ta wadata kitse ya fi riba, a inda ta yi ƙaranci kuwa sukari ya fi sauƙi. Wannan lissafi ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne zai yi ta dawowa a duk abin da ke tafe.

HANYAR DA KITSE KE BI

Tsokar zuciya haɗuwa ce ta ƙananan ɗakuna masu rai da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira sel. A cikin kowane sel akwai dubban ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya, har sun cinye kimanin sulusin filin ɗakin. A cikinsu ne ake ƙona kitse.

Kafin kitse ya isa murhu yana ratsa ƙofofi. Da fari wani furotin mai suna CD36, wanda ke bisa bangon sel, shi ke taimakawa a jawo shi daga cikin jini. Sa'an nan a bakin murhu akwai wani mai gadi, CPT1, wanda ke ɗora kitsen a bayan wani sinadari mai suna kanitin domin ya shigar da shi ciki. Irving Fritz ne ya nuna aikin kanitin cikin 1955. Bayan ya shiga, sai wasu furotin masu aikin sara, irin su MCAD, su yi ta guntule shi biyu-biyu kamar mai faskaren itace, har ya ƙare. Wannan sara biyu-biyu tun cikin 1904 wani Bajamushe, Franz Knoop, ya gano shi ta hanyar gwaji da karnuka.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikata yana da tasa ƙwayar gado, watau wani yanki na DNA inda aka rubuta yadda ake ƙera shi. Mutum yana da irin waɗannan ƙwayoyi wajen 20,000, kuma kusan kowane sel na jikinsa yana ɗauke da dukkansu. Abin da ya bambanta tsokar zuciya da hanta ko fata shi ne waɗanda ake karantawa a ciki. Kamar kundi ne guda aka raba wa kowane gida, amma kowa da shafukan da yake buɗewa. Idan aka ce an kunna ƙwayar gado, ana nufin an buɗe shafinta, an kwafi umurnin da ke ciki, an kai kwafin inda ake ƙera furotin.

Wasu Faransawa biyu, François Jacob da Jacques Monod, su ne suka fara bayyana cikin 1961 cewa ƙwayoyin gado suna da makunni, kuma abinci kansa yana iya taɓa makunnin. A jikin ƙwayoyin bakteriya suka ga haka, aka kuma ba su lambar Nobel cikin 1965. Ya ɗauki kusan shekara talatin kafin a sami makunnin kitse a jikin dabbobi masu shayarwa.

MAGANI YA TONA ASIRIN MAKUNNI

Cikin 1962 wani kamfanin sinadarai na Ingila, ICI, ya ba da labarin wani magani mai rage maiƙon jini, mai suna clofibrate. An daɗe ana ba marasa lafiya shi ba tare da an san takamaiman inda yake kamawa ba. Sai cikin 1990 wasu ma'aikatan wannan kamfani, Isabelle Issemann da Stephen Green, suka gano furotin ɗin da irin waɗannan magunguna ke farkarwa. Shi ne ake kira PPAR-alfa. An tarar yana da yawa a hanta, da ƙoda, da zuciya, watau gaɓoɓin da suka fi ƙona kitse. Cikin 1997 kuma ɗakunan bincike da dama suka nuna cewa abin da ke farkar da shi a jiki, in ba a sha magani ba, kitse ne da kansa.

Ga yadda abin yake gudana. PPAR-alfa yana zaune ne a cibiyar sel, inda DNA take. Ba ya aiki shi kaɗai, sai tare da wani abokin tafiya mai suna RXR. Su biyun sukan riƙe juna su zauna a wani gurbi na musamman da ke gaban ƙwayoyin gadon CD36, da CPT1, da MCAD da 'yan uwansu. Muddin babu kitse, wasu furotin masu hana ruwa gudu sukan manne musu, shafin ya kasance a rufe. A jikin PPAR-alfa akwai wani aljihu. Da zarar kitse ya faɗa cikin aljihun sai surar furotin ɗin ta sauya, masu hanawar su sake shi, masu taimako su zo su kama. Waɗannan su ke sassauta naɗin DNA, su kira injin kwafi, aiki ya kankama. Cikin sa'o'i kaɗan ƙofofi da masu sara sun fara ƙaruwa.

A taƙaice, itacen ne da kansa ke aikawa a ƙara masu faskare. Idan kitse ya yi yawa a jini, zuciya ta ƙara kayan ƙona shi. Idan ya ragu, ta rage.

Babba cikin masu taimakon shi ne PGC-1-alfa, wanda Pere Puigserver da Bruce Spiegelman suka gano a birnin Boston cikin 1998, a jikin ɓerayen da aka sa cikin sanyi. Shi ba ya taɓa DNA da kansa. Aikinsa kamar na sarkin aiki ne: ya dafa kafaɗar PPAR-alfa, ya dafa ta wasu makunnai da ake kira ERR, duk su tashi tare. Cikin 2000 ɗakin binciken Daniel Kelly na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis ya nuna cewa PGC-1-alfa yana sa tsokar zuciya ta gina sababbin murahu, kuma yakan ƙaru bayan haihuwa da lokacin da dabba ta daɗe ba ta ci abinci ba. Hikimar abin ita ce, ƙara masu faskare ba shi da amfani in ba a ƙara murahu ba.

Akwai kuma wani abu da masana ba su zata ba. Kitsen da ya shigo daga jini ba kai tsaye yake zuwa ya taɓa makunni ba. Akan fara ajiye wani kasonsa a 'yan ɗigo-ɗigon mai cikin sel, sa'an nan wani furotin mai suna ATGL ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Cikin 2011 masana a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, ƙarƙashin Rudolf Zechner, suka nuna cewa ɓerayen da ba su da ATGL zuciyarsu takan cika maƙil da kitse, amma makunnin ya kasance a kashe, murahu su lalace, ɓerayen su mutu suna 'yan watanni. Da aka ba su maganin da ke farkar da PPAR-alfa sai zuciyar ta farfaɗo, suka rayu. Ga abinci cike da rumbu, amma yunwa na kisa don ba wanda zai buɗe ƙofa.

RANAR HAIHUWA, RANAR SAUYA ABINCI

Babu lokacin da wannan kunnawa ta fi muhimmanci kamar kwanakin farko na rayuwa. Jariri a ciki yana zaune ne inda iskar oksijin ba ta da yawa, kuma abin da mahaifa ke ba shi galibi sukari ne da wani ɗan uwansa mai suna laktet. Saboda haka zuciyar ɗan tayi sukari take ci, murahunta ba su da yawa, ƙwayoyin gadon ƙona kitse kuwa kusan duk a kwance suke.

Da an haihu sai komai ya juya. Huhu ya buɗe, iska ta wadata, an yanke cibiya, sukarin uwa ya tsaya, abincin da ya maye gurbinsa kuwa nono ne, wanda kusan rabin ƙarfin da ke cikinsa daga kitse yake. Cikin 'yan kwanaki zuwa makonni PPAR-alfa da PGC-1 sukan hau, murahu su yawaita, zuciya ta koma cin kitse. Cikin 2008 ɗakin binciken Kelly ya nuna cewa ɓerayen da aka cire wa nau'o'in PGC-1 guda biyu sukan kai ga haihuwa, amma su mutu jim kaɗan bayanta da ƙaramar zuciya mai bugun sanyi.

Cikin 2023 aka sami ƙarin haske daga birnin Madrid na ƙasar Sifen. Masana ƙarƙashin Mercedes Ricote suka cire RXR, abokin tafiyar nan, daga zuciyar 'yan tayin ɓera. Aka haife su kamar lafiya lau, amma akasarinsu suka mutu cikin kwana biyu, domin zuciyarsu ta kāsa komawa ga kitse. Da suka bi sawu sai suka tarar cewa abin da ke faɗawa aljihun RXR wani nau'in kitse ne mai suna GLA, kuma daga nonon uwa yake zuwa. Iyayen ɓerayen da aka hana wa mai a abincinsu sun haifi 'ya'yan da suka riƙa mutuwa haka nan, da aka mayar da GLA kuwa sai 'ya'yan suka rayu.

A jikin ɓera aka yi wannan gwaji, amma GLA yana nan a nonon mata ma. Darasin ya zo daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa a sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwa, a kuma ba shi nono zalla har wata shida. A wuraren da har yanzu ake matse dakashi a zubar, ana cewa ba shi da kyau, ya dace a san cewa nonon farko abinci ne, kāriya ce daga cututtuka, kuma yana zuwa daidai lokacin da gaɓoɓin jariri ke sauya yadda suke aiki.

YUNWA, MOTSA JIKI DA HAWA DUTSE

A jikin baligi ma makunnin ba a wuri ɗaya yake tsaye ba. Akwai gyara na nan take, wanda Philip Randle da abokan aikinsa suka bayyana a Cambridge ta Ingila cikin 1963: idan tsoka tana ƙona kitse, abin da ke fita daga ƙonawar yakan danne ƙona sukari. Wannan cikin mintoci yake faruwa, ba ya bukatar taɓa ƙwayar gado. Gyaran da ke bi ta ƙwayoyin gado shi ne na dogon zango, na sa'o'i da kwanaki.

Idan mutum ya yi sa'o'i da yawa bai ci ba, kamar mai azumi, sukarin da hanta ta ajiye yakan ragu, jiki ya saki kitse cikin jini. Nan take PPAR-alfa ke farkawa a hanta da zuciya, a ƙara ƙona kitse, a bar wa ƙwaƙwalwa ɗan sukarin da ya rage. Ɓerayen da aka ƙirƙiro ba su da PPAR-alfa, waɗanda ɗakin binciken Frank Gonzalez na Amurka ya fara samarwa cikin 1995, sukan zauna kalau muddin akwai abinci a gabansu. Da an sa su yunwa sai sukarin jininsu ya faɗi, kitse ya taru a hanta da zuciya. Cikin 1998 aka ba irin waɗannan ɓeraye wani maganin da ke toshe ƙofar CPT1. Mazan duka suka mutu, matan kuwa rubu'insu kaɗai, abin da ya nuna cewa sinadarin jinsin mata yana ba da wata kāriya. Motsa jiki a kai a kai shi ma yana ɗaga PGC-1-alfa a tsoka, shi ya sa tsokar mai aikin ƙarfi ta fi yawan murahu.

Mutanen da ke zaune bisa tsaunukan Himalaya kuwa ta ɗaya gefen suka ɓullo. A can iska ba ta da kauri. Cikin 2010 aka gano cewa ƙwayar gadon PPAR-alfa tana cikin waɗanda suka sauya a jinin mutanen Tibet bayan dubban shekaru na zama a tudu. Cikin 2017 masana daga Cambridge suka nuna cewa tsokar 'yan ƙabilar Sherpa ta Nepal ba ta ƙona kitse kamar ta mutanen kwari, amma ta fi iya tattalin iska. Lissafin nan ne dai na farko: inda iska ta yi tsada, a rage kitse.

IDAN AKA KASHE MAKUNNI

Hawan jini yana sa zuciya ta riƙa tura jini da ƙyar. Shekara da shekaru bangonta ya yi kauri, daga baya ta saki, ta kāsa. Wannan ita ce gazawar zuciya, mai zuwa da kumburin ƙafa, da haki, da kāsa kwanciya rigingine. Wani bincike da aka buga cikin 2012, wanda ya duba marasa lafiya 1,006 a ƙasashen Afirka tara har da Nijeriya, ya tarar cewa hawan jini ne sanadin kusan kashi 45 cikin ɗari na masu wannan ciwo, kuma matsakaicin shekarunsu 52 ne, watau mutane ne da ke tsakiyar ɗaukar nauyin iyali.

Cikin 1996 Kelly da abokan aikinsa suka auna tsokar zukatan mutanen da suka gaza, suka tarar cewa ƙwayoyin gadon masu saran kitse, irin su MCAD, sun yi ƙasa ƙwarai. Binciken da ya biyo baya ya nuna PPAR-alfa da PGC-1-alfa su ma sukan ja baya. Zuciyar da ta wahala takan koma irin tsarin ɗan tayi, ta karkata ga sukari. Da fari wannan dabara ce ta tsira, domin tsokar da ta yi kauri ba ta samun isasshiyar iska. Hasali ma cikin 2001 masana a birnin Houston suka tilasta kunna PPAR-alfa a zuciyar ɓerayen da ta yi kauri, sai bugunta ya ƙara lalacewa. Amma idan tafiya ta yi nisa sukari ba ya cike gurbin kitse, ƙarfi ya yi ta raguwa. Cikin 2016 aka gano cewa zuciya mai gazawa takan koma neman wani makamashi na uku mai suna kiton, wanda hanta ke ƙerawa daga kitse.

IDAN MAKUNNI YA MAƘALE A KUNNE

Mai ciwon sukari kuwa akasin haka ke samunsa. Sukari ya cika jini amma ba ya shiga tsoka yadda ya kamata, kitse kuma yana ta kwarara. Sai makunnin ya maƙale a kunne. Zuciya ta yi ta jawo kitse fiye da abin da za ta iya ƙonawa, ragowar ya taru ya zama guba ga sel, ga kuma ɓarnar iska. Tun cikin 1972 wata likita a New York, Shirley Rubler, ta ba da labarin masu ciwon sukari huɗu da zuciyarsu ta gaza alhali jijiyoyinta ba su toshe ba. Cikin 1974 babban binciken garin Framingham na Amurka ya nuna ciwon sukari yana ninka haɗarin gazawar zuciya sau biyu ga maza, sau biyar ga mata. Sai cikin 2002 Brian Finck da Kelly suka ƙara yawan PPAR-alfa a zuciyar ɓerayen da ba su da ciwon sukari, zuciyar kuwa ta zama tamkar ta mai ciwon. Da aka ƙara musu abinci mai maiƙo abin ya daɗa muni.

ZUCIYAR MAI JEGO

Akwai wani ciwo da ya haɗa wannan ilmi da ƙasar Hausa kai tsaye, shi ne gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin jego. Cikin shekarun 1970 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka bi lafiyar mata 224 masu wannan ciwo a Zariya, inda aka ƙiyasta yana kama wajen mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu. Babu inda aka sami adadi mai yawan haka a duniya. Su sun danganta shi da yawan shan kunun kanwa, da wankan jego, da kwanciya bisa gadon wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano ya jagoranta ya tarar har yanzu ciwon yana da yawa a Arewa, ya kuma nuna hannun talauci, da rama, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam.

Cikin 2012 ɗakin binciken Zoltan Arany a Boston ya cire PGC-1-alfa daga zuciyar ɓeraye. Matan da suka haihu sau ɗaya ko biyu sai zuciyarsu ta buɗe ta gaza, irin yadda ake gani ga mata masu jego. Dalili shi ne sarkin aikin nan, ban da gina murahu, shi ne kuma ke ba da umurnin shimfiɗa ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, domin wuta ba ta ci sai da iska. A ƙarshen ciki kuwa mabiyiya takan saki wani sinadari mai hana tsirowar hanyoyin jini, kuma ya fi yawa ga matan da ciki ya sa wa hawan jini. Zuciyar da ta riga ta yi rauni ta wannan fanni ita ce ke kāsa jurewa. Saboda haka mai jegon da ta ga ƙafafunta suna kumbura, tana haki, ko tari yana hana ta barci, asibiti ya kamata a kai ta ba da jinkiri ba.

ME YA SA BA A YI MAGANIN KUNNAWA BA?

Mai karatu zai iya tambaya, tun da an san makunni, me ya hana a ƙera ƙwayar da za ta gyara shi? An gwada, sakamakon kuwa ya koya wa masana tawali'u. Shi clofibrate, wani babban gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga cikin 1978 ya nuna waɗanda suka sha shi sun fi waɗanda ba su sha ba mutuwa. Cikin 2022 aka gwada sabon maganin farkar da PPAR-alfa, pemafibrate, a kan masu ciwon sukari fiye da 10,000. Ya rage maiƙon jini da kimanin rubu'i, amma bai rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Wani magani, rosiglitazone, mai farkar da ɗan uwansa PPAR-gama, yana rage sukari amma yana tara ruwa a jiki ya ƙara haɗarin gazawar zuciya, har Turai ta dakatar da shi cikin 2010.

Sa'ar da aka samu ta wata ƙofa ta shigo. Cikin 2015 wani maganin ciwon sukari, empagliflozin, mai sa ƙoda ta zubar da sukari ta fitsari, ya rage kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya da kashi 35 cikin ɗari. Yanzu ana ba da shi da ire-irensa har ga masu gazawar zuciyar da ba su da ciwon sukari.

Abin da duk wannan ke nunawa shi ne, zuciya mai lafiya ita ce mai iya juyawa: kitse lokacin yunwa da hutu, ƙarin sukari bayan cin abinci ko sa'ad da iska ta yi wuya. Abubuwan da ke ƙwace mata wannan iko sanannu ne, hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba, kuma dukkansu sukan yi shekaru suna ɓarna a ɓoye kafin mutum ya ji a jikinsa. Awon jini da awon sukari a ƙaramin asibiti ba su ɗaukar minti goma. Wanda aka ɗora wa magani ya riƙe shi ko da ya ji sauƙi, a rage gishiri, a riƙa taka ƙasa da ƙafa, mai ciki kuma ta riƙa zuwa awo har ta sauka lafiya.